Bita ta yi yawa amma aiki bai canza ba, ya zan horar da ma'aikatana?

Maman Khalifa ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga manyanmu da suka daɗe a harkar. Ni CHEW ce, wato ma'aikaciyar lafiyar al'umma, ba a daɗe da ba ni incaj na wani ƙaramin asibiti a nan cikin birnin Kano ba, unguwar kam ba zan faɗa ba kar a ce na tona asirin wani. Muna da ungozoma ɗaya, CHEW biyu ban da ni, JCHEW ɗaya wato ƙaramin CHEW, mai lab, mai kati da rajista, sai 'yan sa-kai waɗanda in za a faɗi gaskiya su suka fi yawa kuma su suka fi zama a wurin.

Abin da yake damuna shi ne kusan kowa a cikinmu ya je bita, wani ta maleriya wani ta riga-kafi wata ta tazarar haihuwa wata ta tamowa, satifiket kam fayil ɗin kowa cike yake, amma in kika zauna ranar awo kika zuba ido sai ki rasa inda bitar ta shiga. Za a auna jinin mai ciki a kan hannun hijabi, ko ta shigo yanzu daga rana tana haki ba a bari ta zauna ta huta ba. Yaro zai zo da tari babu mai ɗaga masa riga ya ƙirga numfashi. Gwajin maleriya zai nuna babu, amma a rubuta maganin maleriyar saboda uwar ta ce ita fa shi ta zo karɓa. Littafin Standing Orders kuwa, wanda yake nuna mana matakan duba mara lafiya da ba shi magani, yana can ƙasan durowa an ɗora masa kwalin sirinji.

Ni ba ni da kuɗin kama hol ko na abinci ko alawus, kuma biyu daga cikin ma'aikatan sun girme ni a shekaru da aiki, ɗaya ma ta yi sa'ar yayata ta fari, in na ce zan koya mata awon jini ai kun san yadda za a kwashe. Na ji tun ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ce za ta sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 a faɗin ƙasa, to mu zauna mu jira layi ya zo kanmu ne ko akwai abin da incaj za ta iya yi da kanta a cikin asibitinta? Wanda ya taɓa gwada wani abu ya yi aiki don Allah ya taimaka min.

Baba CHO (babban jami'in lafiyar al'umma) mai ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya taya ki riƙo. Kar ki jira kowa. In layin ya zo ki tura mutanenki, amma abin da kika lissafa ɗin nan babu ɗaya da bitar otal za ta gyara, don ba rashin sani ba ne. Ki tambayi kowacce a cikinsu ya ake awon jini za ta karanto miki tiryan-tiryan, a zaunar da mutum ya huta kamar minti 5, a cire abin da ya rufe damtse, hannu a jingine daidai ƙirji. Sun sani. Hannun ne bai saba ba, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa a kansu ya ga suna yi ko ba sa yi.

Mu mun fara aiki zamanin da marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, lokacin da aka ware ƙananan hukumomi 52 a 1986 aka fara gwada tsarin lafiya a matakin farko a cikinsu, aka kuma fitar da manufar lafiya ta ƙasa a 1988. Ba zan ce miki komai na lokacin daidai yake ba, mu ma mun sha fama da rashin magani shi ya sa aka kawo tsarin Bamako na jujjuya kuɗin magani. Amma abu ɗaya da nake tunawa shi ne mai duba aiki in ya zo ba rajista yake fara tambaya ba, kujera yake ja ya zauna a gefenka kana ganin mara lafiya, bai ce maka uffan ba sai mutumin ya fita sannan ya ce buɗe min Standing Orders shafin tari, karanta, to me ka tsallake. Kunyar da za ka ji ranar ba za ka sake tsallake wannan layin ba har ka yi ritaya. Yanzu kuwa abin da yaranmu suke ba ni labari, a zo da mota a cike takarda a ɗauki hoto a sa hannu a littafin baƙi a wuce.

To ke ki zama wannan mai jan kujerar. Ki ɗauki abu ɗaya tak a sati, ɗaya fa, kar zumuɗin sabon incaj ya sa ki kwaso goma. Misali satin farko ƙirga numfashin yaro. Bayan an sallami mutane ku zauna rabin awa, ba lacca ba, ki rubuta a kwali ki manna a bango inda ake ganin yara: ƙasa da wata 2 numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri, wata 2 zuwa 11 numfashi 50, shekara 1 zuwa 5 numfashi 40. Washegari duk yaron da ya zo da tari mutum biyu su ƙirga kowa da agogon wayarsa, cikakken minti ɗaya yaron yana natse ba yana kuka ba, sai a gwada lambobin. Za ki sha mamakin yadda za su bambanta a ranar farko. Sai ki ce daga yau katin yaro mai tari in babu lambar numfashi a jiki ba a ba da magani, mai ba da magani ya dawo da katin. Shi kenan kin ɗaure abin da tsarin aiki, ba sai kin bi kowa da faɗa ba. Wanda numfashinsa ya yi sauri shi ne na amoxicillin, wanda yake da alamar haɗari a tura shi gaba, sauran mura ce, uwa ta je ta ci gaba da ba shi nono da ruwa ta dawo in ya canza.

Maganar waɗanda suka girme ki kuma, kar ki koya musu, ki sa su koyar. Ki je ki samu Hajiyar a keɓe ki ce Anti yaran nan 'yan sa-kai awon jininsu bai yi min ba, ke ce babba don Allah ranar Laraba ki nuna musu. Za ta koma gida ta buɗe littafi da daddare don kar ta ji kunya a gaban yara, kuma wanda ya tsaya gaban mutane ya ce kar a auna a kan hijabi zai yi masa wuya gobe a gan shi yana yi.

Littafin nan ki ciro shi daga durowa yau ɗin nan. Akwai masu ganin buɗe littafi a gaban mara lafiya zubar da aji ne, wai za a ce ba su iya ba. Shi ne fa kariyarki a gaban hukumar da ta yi miki rajista in wani abu ya faru, abin da yake ciki kika yi kin fita, abin da ba ya ciki kika yi ke kaɗai za ki amsa.

Ɗan Sa-kai ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka ne amma bari mu na ƙasa mu ma mu faɗi namu. Ni na gama makarantar koyon aikin lafiya na yi rajista ina da lasisi, ina sa-kai a wani asibitin ba albashi sai abin da aka ɗan tsakura mana, ni nake allura ni nake gwaji ni nake kwana in an samu mai naƙuda da daddare in taya ungozoma, amma duk ranar da takardar bita ta zo sunana ba ya ciki saboda wai sai mai lambar albashi. Wanda za a tura ɗin wallahi wani sa'in sai a yi sati bai taɓa mara lafiya ba, ya je ya yi kwanakinsa a otal ya karɓi kuɗin mota da jaka da littafi, ya dawo ya ce zai yi mana sitef-dawun, wato ya koya mana abin da ya koyo, ranar Alhamis, Alhamis ɗin da har yau ba ta zo ba. Wani kuma yana dawowa wata bai cika ba a yi masa taransifa, ilimin ya bi shi.

Kuma kowa ya san akwai waɗanda sunansu ne kullum a kowace bita, ta riga-kafi shi, ta tarin fuka shi, har ta masu karɓar haihuwa sai ka ga namijin da bai taɓa shiga ɗakin haihuwa ba a layin karɓar alawus. Anti incaj in kina so mu ɗauki naki horon da gaske ki fara da adalci a wannan, ki yi jadawali a bango kowa ya san na wa ne gaba, kuma wanda yake yin aikin shi za a tura. In dokar ta ce sai mai albashi to ki sa sharaɗi ba zai koma bakin aiki ba sai ya nuna mana abin da ya koyo da hannunsa.

Sista Ungozoma ta rubuta:

Ɗan Sa-kai ka fama min inda yake min ƙaiƙayi, amma bari na tsaya a ɓangarena. Maman Khalifa 'yar uwa, in ni ce ke ɗakin haihuwa zan fara da shi kafin komai, don can ne minti biyar yake raba rai da mutuwa, kuma ungozoma ɗaya gare ki, ranar da ba ta nan ko tana hutun haihuwa ita ma wa zai tsaya?

Matsalar ɗakin haihuwa a ƙaramin asibiti ita ce abin tsoron ba kullum yake zuwa ba. Za ki iya karɓar haihuwa da yawa lafiya lau kafin ki haɗu da zubar jini mai tsanani ko jaririn da ya fito bai yi kuka ba, to abin da kika koya a bita shekara biyu da suka wuce ba ki taɓa yi ba tun ranar, ya za a yi hannu ya tuna da ƙarfe ukun dare ga dangi suna salati a bakin ƙofa? Kamar a koya miki tuƙi a allo ne a ce sai ranar da aka samu mara lafiya za ki fara jan mota. Shi ya sa yanzu masu koyarwa suka koma ga kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, a cikin ɗakin da ake aikin da kayan da ake da su.

Ba ra'ayina ba ne kawai. Akwai babban binciken da ake kira E-MOTIVE da aka fitar da sakamakonsa a 2023, an yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata sama da 200,000, kuma ɓangaren Najeriya 'yar gidanmu ce ta jagoranta, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero. Ba wani sabon magani suka ƙirƙiro ba. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan haihuwa jinin ya taru a ciki a ga adadinsa, maimakon kintace da ido da muka saba wanda kullum ragewa yake, da ya kai 500 ml, ko 300 in akwai wasu alamu a jikinta, sai a yi komai a tare ba ɗaya bayan ɗaya ba: a murza mahaifa, a ba da oxytocin mai tsuke mahaifa, a ba da tranexamic acid mai tsayar da jini, a sa ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a kira na gaba. A asibitocin da aka bi tsarin an gano zubar jinin a wajen mata 93 cikin 100 da suka same shi, inda aka ci gaba da yadda aka saba kuwa kusan rabi ne kawai, kuma mummunan sakamako, wato zubar jini mai tsanani ko tiyata ko mutuwa, ya ragu da kashi 60 cikin 100. Horon nasu ma a cikin asibitin aka yi shi ana maimaitawa, da wasu ma'aikata na wurin da aka ɗora wa alhakin bibiya. Eh manyan asibitoci ne ba irin namu ba, amma auna jini da yin abu da wuri ai ba sai da tiyata ba.

Haka maganar jijjigar masu ciki. A 2008 aka shigar da allurar magnesium sulphate asibitoci 10 na jihar nan aka horar da ma'aikata aka ba su takardar matakai, mutuwar mata masu jijjiga ta sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa ƙasa da 3. Kafin nan diazepam ake ta ɗirka musu. To yau za ki samu allurar a kabad na ƙaramin asibiti har ta lalace ba a taɓa ta ba saboda tsoro, an ji ana cewa tana tsayar da numfashi. Mace jininta ya kai 160/110 ga ciwon kai ga gani dishi-dishi sai a sa ta a adaidaita sahu haka nan a ce ku yi asibitin Murtala, ta fara jijjiga a go-sulo. Alhali abin da ake so a ba ta allurar farko a nan sannan a tura ta da takarda an rubuta ƙarfe nawa aka yi mata. Wannan ki sa ungozomarki ta zauna da kowace CHEW su zuƙi ruwa a sirinji suna faɗin adadin da baki har ya zauna, kuma a haɗa komai a roba ɗaya mai murfi a rubuta JIJJIGA a jiki, wata robar a rubuta ZUBAR JINI, kar a zo ana neman makullin sito.

Oxytocin kuma don Allah a firji, tsakanin 2 da 8 a ma'aunin sanyi. Zafin Kano na watan Afrilu in ya dafa ta a kan tire ruwa kawai kike yi wa mace, ki yi ta mamakin me ya sa mahaifa ta ƙi tsukewa.

Jariri kuwa minti ɗaya na farko ne, a goge shi a shafa bayansa in bai yi numfashi ba a sa masa abin hura iska kafin mintin ya cika. Har yanzu akwai masu riƙe ƙafa su juya shi ƙasa suna mari ko a watsa masa ruwan sanyi, wannan ya wuce.

Maman Khalifa ta rubuta:

Kai amma na gode wallahi, Baba Allah ya saka da alheri dabarar Anti ɗin nan ta yi min, na ma san wacce zan fara da ita. Ɗan Sa-kai na ji kuma jadawalin zan yi. Sista tambaya ɗaya, mu ba mu da 'yar tsanar nan ta koyo, ta jariri ko ta uwa, da me za mu yi gwajin? Ledar mai ma'auni ma ban taɓa ganinta a sitonmu ba.

Dakta A. ya rubuta:

Ina bin zancen tun ɗazu. Ni ina ɓangaren da ake karɓar waɗanda kuka turo, don haka ina ganin abin ta ɗaya gefen. Baba ranka ya daɗe na yarda da kai kusan duka, sai dai ba zan ce bitar waje ba ta da amfani ba. In sabon abu ya zo dole a tara mutane a faɗa musu, kamar lokacin da aka shigo da riga-kafin HPV mai kare sankarar bakin mahaifa na 'yan mata a Oktoban 2023, ba incaj ce za ta ƙirƙiro bayanin daga kanta ba. Matsalar a tsaya a nan ne. Akwai wani nazari da aka fitar a 2018 da ya tattara bincike ɗaruruwa daga ƙasashe irin namu, ya nuna horo shi kaɗai yana gyara aiki da kamar maki 10 cikin 100, in aka haɗa shi da bibiyar mai duba aiki sai ya kai wajen 18. Kun ga ko an haɗa ɗin ma ba duka yake gyarawa ba, saura yana wajen kayan aiki da yawan ma'aikata da albashi, ba za ka koya wa mutum gwajin fitsarin mai ciki ba alhali babu tsinken gwajin.

Abin da nake so Hajiya ki saka a jerinki shi ne sanin iyaka. Tun 2014 akwai manufar ƙasa da ta ba CHEW damar yin wasu ayyukan da da sai nas ko likita, kuma abu ne mai kyau, in ba haka ba ƙauyuka da yawa ba su da kowa. Misali shirin hawan jini da aka fara a Kano da Ogun a 2020, matakai ne a takarda ɗaya ana farawa da amlodipine, in bai sauka ba bayan wata a hau mataki na gaba, CHEW tana yi lafiya lau saboda an zana mata hanya an kuma nuna mata inda za ta tsaya ta tura. Amma wani in ya je bita biyu sai ya koma ƙaramin likita, ya riƙe yaro kwana uku yana ƙarin ruwa da ceftriaxone, sai ya fara suma sannan a kawo mana. Yaron da ba ya iya shan nono, ko yake amai da duk abin da ya ci, ko ya yi taune-taune, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, wannan ba na kwanciya a wurinku ba ne, a ba shi maganin farko da littafi ya ce a tura shi asibitin yara na Hasiya Bayero ko inda ya fi kusa a take.

Mashaƙo ya koya mana wannan. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma yara da yawa sun fara zuwa ne da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kumburin wuya, wanda bai ce buɗe bakinka ya haska tocila ba ba zai ga farin abin da ya lulluɓe maƙogwaron ba, sai ya ba da maganin maleriya. Tocilar waya ta isa. Ku sa duba maƙogwaro a cikin satittikan da Baba ya ce.

Takardar turawa kuma don girman Allah a rubuta abin da aka ba mutum da lokacin da aka ba shi da awon jininsa na ƙarshe. Mu ma muna da laifi a nan, ba ma maido muku da bayanin abin da ya faru da wanda kuka turo, kuma da muna yi da shi ne babban horo.

Malam na Kwamitin Unguwa ya rubuta:

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ina cikin kwamitin ci gaban mazaɓa na unguwarmu. Duk kun yi maganar allura da awo babu wanda ya taɓo baki. Hajiya incaj matanmu ba sa guje wa asibiti saboda ba a ƙirga numfashi ba, su ba su ma san ana ƙirgawa ba, abin da suke faɗa mana a gida shi ne tsawa, da a ce wa mace mai ciki na takwas ke ba kya gajiya, da a duba ta labule a buɗe. Mai kemis ɗin bakin layi kuwa zai ce mata sannu Hajiya ya jikin har ya ba ta bashi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a jihar nan mace 1 cikin 5 ce take haihuwa a asibiti, kuma ba duka ne don nisa ba, a cikin birni ina nisan yake. Ki sa sati ɗaya na yadda ake karɓar mutum, wata ta zama mara lafiya wata ta karɓe ta sauran su kalla, za a yi dariya amma kowa zai ga kansa.

Batun kuɗi kuma in asibitinki yana cikin masu samun kuɗin asusun BHCPF na kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, ai shugaban kwamiti yana cikin masu sa hannu tare da ke. Ki kawo mana lissafi a tsarin kashe kuɗi na zangon, batirin na'urar awon jini, tsinken gwajin fitsari, labule, waɗannan ba wanda zai hana. In ba kya ciki ma ki zo taron kwamiti ki faɗa, akwai 'yan kasuwa a unguwa da suke neman inda za su sa sadakarsu.

Mai Rajista ya rubuta:

Ƙarin bayani kaɗan daga teburin kati. Anti kafin ki zaɓi abin da za ki koyar ki buɗe rajistar awo ta watan jiya ki bi layin awon jini da yatsa, in kika ga 120/80 da 110/70 tun daga sama har ƙasa to ba a aunawa rubutawa ake, mata hamsin ba za su zo da jini iri biyu ba. Ki duba riga-kafi, yara nawa suka karɓi allurar penta, mai kare cututtuka biyar, ta farko a sati 6 nawa suka dawo ta uku a sati 14, in waɗanda suka ɓace sun wuce 10 cikin 100 akwai abin da ba a faɗa wa iyaye a teburin allura, yawanci ranar dawowa ce da cewa ɗan zazzaɓin bayan allura ba komai ba ne. Ki gwada adadin gwajin maleriya da ya nuna akwai da adadin maganin da ya fita daga sito. Takardar auna sanyin firji ma ki duba, safe da yamma ake cikewa amma wani sai ƙarshen wata zai zauna da biro ɗaya ya jera 5 5 5. Fom ɗin da muke turawa duk wata sama kawai yake tafiya, mu da muka cike ba ma karantawa.

Sista Ungozoma ta rubuta:

Maman Khalifa 'yar tsanar ki tambayi mai kula da lafiyar mata da yara ta ƙaramar hukumarku, sau da yawa akwai waɗanda aka raba bayan wata bita suna nan a kwali a ofis, ki sa hannu ki aro ta sati biyu. Ta jariri ita ce dole, saboda sai kin ga ƙirji yana tashi za ki san kin rufe fuska daidai da abin hura iskar. Ta uwa kuwa ba sai kin jira ba, ɗaya daga cikinku ta kwanta a gadon haihuwa da filo a ciki, wata ta riƙe agogo, ke ki ce jini ya ɓalle ki ga minti nawa za a yi kafin a sa ruwa a kawo robar magani a kira mai adaidaitan da kuka ajiye lambarsa. Don idonsu ya saba da adadi ki auna rabin lita na ruwan zoɓo ki zuba a kan zani da audugar mata ki ce kowa ya kintata kafin ki faɗa musu. Ledar mai ma'auni ki rubuta ta a cikin odar kayanki ki yi ta maimaitawa duk wata har a kawo.

Kafin ranar farko ki ciro abin hura iskar ki matsa shi a tafin hannunki ki ji ko yana riƙe iska, robar tana tsagewa in ta daɗe a ajiye, kuma ki tabbata akwai murfin fuska ƙanana guda biyu, na cikakken jariri da na bakwaini. In kun sa rana ki turo min saƙo, in ba ni da aikin dare zan shigo na riƙe muku agogon.